Waƙoƙin Rabuwa Ba Sa Tsufa: Tambayoyi da Amsoshi daga Katsina

Da sayar da kaset na fara sana'a a cikin birnin Katsina, daga baya aka koma faifan CD, yanzu kuma tura waƙa ake yi a waya da memori. Waƙoƙin biki da na siyasa su ke kawo cinikin yau, amma ba sa daɗewa. Ana gama zaɓe ko a watse daga biki, shi ke nan an manta da su. Abin da ake dawowa nema shekara da shekaru shi ne kundin da mawaƙi guda ya zauna ya tsara da kansa, ya rera da muryarsa, a kan soyayyar da ta watse. Ga tambayoyin da aka fi yi mini a kan irin wannan kundi, da amsar da nake bayarwa.

Wane irin kundi ake nufi?

Albam ne mai waƙoƙi kamar takwas zuwa goma sha biyu, duka a kan abu ɗaya: an so juna, an rabu. Wanda ya rubuta shi ne ya rera, ba wani aka ba baitoci ya hau kai ba. Kiɗan ba ya da hayaniya, sau da yawa fiyano ne a hankali, ko jita, ko sarewa daga nesa, kuma ba a cika 'yan amshi ba. Ba a yin rawa da shi. Da wuya ka ji shi a gidan biki, amma za ka ji shi a shagon tela bayan isha'i, da cikin motar haya tsakanin Katsina da Daura idan fasinjoji sun yi shiru.

Me zai sa mutum da hankalinsa ya nemi abin da zai sa shi kuka?

Wannan ita ce tambayar da dattawa suka fi yi, kuma a nan ne maganar take.

A ƙasar Hausa kowane rashi yana da tsarinsa. Idan aka yi mutuwa, akwai zaman makoki, a shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida, mutane su zo daga Mashi da Dutsin-Ma su yi gaisuwa, matar mamaci ta shiga takaba wata huɗu da kwana goma. Idan aure ya mutu, akwai idda, akwai dangi masu kai da komo ko za a yi biko. Ko gobara aka yi, ana zuwa jaje. Amma saurayin da ya shekara uku yana zuwa zance, aka wayi gari aka mayar masa da kayansa domin an ba wani, me aka tanadar masa? Babu. Budurwar da aka yi wa alkawari, ta kori kowa saboda mutum ɗaya, sai ta ga katin ɗaurin aurensa da wata a WhatsApp, wa zai zo ya yi mata jaje?

Abin da ake ce musu gajere ne. Yayansa zai dafa kafaɗarsa ya ce, "Haba ƙanina, kai fa namiji ne, mata sun ƙare ne?" Ita kuma innarta ta ce, "Ke dai yi haƙuri 'yar nan, ba mijinki ba ne, naki yana nan tafe." Gaskiya suka faɗa, kuma da kyakkyawar niyya. Sai dai maganar tana rufe bakin mai ciwo tun bai buɗe ba. Washegari dole ya fito kasuwa yana dariya, wataƙila ma ya bi ayari zuwa ɗaurin auren don kada a ce ya riƙe abin a zuciya.

Kundin waƙoƙin rabuwa shi ne wurin da ya rage masa. Mawaƙin ya faɗi abin da shi ba a yarda ya faɗa ba, ya faɗa a fili, bai ji kunya ba, kuma bai yi gaggawar cewa a yi haƙuri ba. Minti arba'in ko hamsin ana zaune da mutum a cikin damuwarsa ba tare da an kore shi daga cikinta ba. Hausawa sun ce sabo ake yi wa kuka, kuma sabon shekara uku ba ya gushewa don kawai ba a ɗaura aure ba. Muddin al'umma ba ta tanadi zaman makoki ga irin wannan rashi ba, irin wannan kundi ba zai rasa masu nema ba.

Wannan ba ɗabi'ar Indiyawa da Turawa ba ce muka ara?

Kayan kiɗan da salon situdiyo, e, akwai aro a ciki. Finafinan Indiya sun daɗe a gidajen silima na Arewa, kuma waƙoƙin finafinan Hausa da suka bunƙasa daga ƙarshen shekarun 1990 sun ɗauki abubuwa da yawa daga can. Amma kukan kansa namu ne tun fil azal.

Kakanninmu mata suna niƙa a kan dutse suna waƙa, kuma duk wanda ya taɓa saurare ya san ba hatsi suke wa waƙa ba. Miji da ya juya baya, kishiya da ta shigo, gida da aka baro, duk suna cikin waƙar niƙa da ta daka. Ranar kai amarya ƙawaye suna rera waƙoƙin rabuwa da gida har amarya ta fashe da kuka, ba wanda ya ce baƙon abu ne. Barmani Choge, 'yar ƙasar Funtua da ta rasu a 2013, da ƙwarya ta yi suna tana faɗin abin da ke cin zuciyar matan aure, duk da cewa ita da raha take haɗawa. Ɗanmaraya Jos, wanda ya rasu a 2015, shi kaɗai yake tsayawa da kuntiginsa mai tsirkiya ɗaya, ba makaɗa ba 'yan amshi, ya yi waƙa a kan auren dole da zaman aure. Idan ana neman mawaƙin da ke tsara waƙarsa ya rera shi kaɗai, to ga shi nan tun kafin a san situdiyo. Haruna Uji na Haɗeja ma da gurminsa ya yi fice wajen waƙoƙin soyayya.

Dakta Mamman Shata, haifaffen Musawa a 1923, wanda ya rasu a 1999 aka binne shi a Daura, ba a waƙar soyayya ya shahara ba. Yabo da sharhin zamani ne fagensa. Amma na ambace shi don masu cewa waƙa abar yayi ce. Fiye da shekara ashirin da rasuwarsa, har gobe matasan da ba su taɓa ganinsa ba suna zuwa a zuba musu Shata.

To me ya bambanta kundin da ke daɗewa da wanda ke mutuwa cikin wata uku?

Waƙoƙin yaudara sun yi yawa a kasuwa, kuma mafi yawansu ba sa kai baɗi. Na lura da abin da ke kashe su: zagi. Mawaƙi ya fito yana tsine wa budurwa, ita maciyiya amana, ita mai kwaɗayin kuɗi, duk mata haka suke. Mai sabon ciwo zai ji daɗin wannan na mako biyu, domin fushi yake ciki. Idan fushin ya sauka sai waƙar ta zama abin kunya a wayarsa, ya goge.

Wanda ke daɗewa shi ne wanda mawaƙin bai wanke kansa tas ba. A wata waƙa yana jin haushi, a ta gaba yana tuna alherinta, a wata kuma yana tambayar kansa ko shi ne ya yi sakaci. Haka zuciya take a zahiri, tana kai da komo. Saboda haka mai saurare yana samun kansa a ciki ko a makon farko ne, ko bayan shekara goma; waƙar da ta fi taɓa shi ce kawai take canzawa.

Sai kuma ƙananan abubuwa. Mawaƙin da ya ce zuciyarsa tana ƙuna, kowa ya faɗi haka. Amma wanda ya ambaci dakalin da suke zama a ƙofar gidansu, ko yaron da ake aika ya yi sallama da ita, ko lambar wayar da ya goge amma har yanzu yana iya karanta ta da ka, wannan ya kama mutane. Abin mamaki ne yadda labarin da ya fi zama na mutum ɗaya shi ya fi zama na kowa.

Murya ma tana da nata. A ganina na'urar gyaran murya ta ɓata waƙoƙin baƙin ciki da yawa. Idan aka goge kowace rawar murya da kowane jan numfashi, aka mayar da ita sumul, an cire ainihin abin da ake nema. Mutane suna so su ji cewa mai waƙar ya kusa kasa ƙarasa baitin.

Me ya sa sai kundi gaba ɗaya? Waƙa ɗaya ba ta isa ba?

A zamanin kaset ba ka da zaɓi sosai. Kaset mai minti sittin yana da gefe biyu, kowanne minti talatin, kuma tsallake waƙa wahala ce. In batir ya yi sanyi sai ka zaro kaset ɗin, ka zura biro a ramin, ka dinga juyawa da hannu kana ƙiyasin inda waƙar take. Yawanci sai mutum ya haƙura ya saurara daga farko har ƙarshe. Hakan ya sa mawaƙi mai hankali yake jera waƙoƙinsa kamar tafiya: farkon haɗuwa, shigowar shakka, ranar rabuwa, daren da barci ya ƙi zuwa, sannan a can ƙarshe wani abu mai kama da sallamawa. Wanda ya bi jerin ya fita a wani hali daban da wanda ya shiga da shi.

Yanzu TikTok yana yanko daƙiƙa talatin daga tsakiyar waƙa, inda ta fi zafi, a yi ta maimaitawa. Wannan yana tallata mawaƙi, ban musa ba. Amma wanda ya tsaya a wannan gutsuren yana fama mikinsa ne kawai, ba ya kaiwa inda mawaƙin ya sauke numfashi. Shi ya sa idan matashi ya ce in tura masa waƙa ɗaya daga irin wannan kundi, nakan ce ya karɓi duka, ya saurara a jere ko sau ɗaya ne.

A wasu ƙasashe ma haka abin yake?

Haka yake. Joni Mitchell, 'yar Kanada, ta fitar da kundinta mai suna Blue a 1971, mafi yawansa muryarta ce da kayan kiɗa kaɗan, a kan soyayya da rabuwa. A 2020 mujallar Rolling Stone ta sa shi na uku a jerin kundaye 500 mafi daraja. Adele ta Ingila ta fitar da 21 a 2011 bayan rabuwarta da saurayinta, aka sayar da fiye da kwafi miliyan 30. A Masar kuwa Ummu Kulsum ta rasu tun 1975, amma dogayen waƙoƙinta na bege har yau ana saka su a gidajen shayi na Alƙahira.

Masu bincike sun ce wani abu a kan wannan?

Sun ce. A 2011 wasu masana ƙarƙashin Ethan Kross na Jami'ar Michigan a Amurka sun ɗauki hoton ƙwaƙwalwar mutanen da masoyansu suka rabu da su ba da daɗewa ba, suna nuna musu hoton wanda ya guje su. Sai aka ga wasu sassan da ke motsawa idan jiki ya ji zafi, su ne suka motsa. Ke nan wanda ya ce rabuwa tana masa ciwo ba ƙarin gishiri ya yi ba.

A 2014 kuma Liila Taruffi da Stefan Koelsch a Berlin ta Jamus suka tambayi mutum 772 abin da suke ji idan suna sauraren kiɗan baƙin ciki. Abin da aka fi ambata ba baƙin cikin ba ne, kewar abin da ya wuce ne, kuma da yawa sun ce suna samun lallashi da natsuwa. Wannan ya yi daidai da abin da nake gani a shago. Kamar gashin ruwan zafi ne a kan targaɗe: yana da zafi lokacin da ake dannawa, amma bayansa ake jin sauƙi.

Na yi aure, ina da 'ya'ya, ina zaune lafiya da mijina, amma har yanzu idan na ji wani tsohon kundi sai hawaye su zo mini. Cin amana ne?

Hajiya, ba na ganin haka. Waƙar da mutum ya ji yana tsakanin shekara sha biyar da ashirin da 'yan kai tana manne masa fiye da duk wadda zai ji daga baya. Kuma sau da yawa ba wancan mutumin ake tunawa ba. Ana tuna ɗakin 'yan mata a gidan iyaye, da ƙawar da aka yi sirri da ita wadda yanzu tana aure a Maraɗi ko Legas, da mahaifiyar da ke raye a lokacin. Waƙar ta ɗauko zamanin gaba ɗaya, shi saurayin ɗan ƙaramin yanki ne a ciki.

Inda ake jin tsoro shi ne idan sauraren ya kai ga neman lambar waya, ko leƙa shafin wani a Facebook, ko auna mijin yau da wanda zuciya ta ƙawata saboda ba a taɓa zama da shi an ga aibinsa ba. Idan abin ya tsaya a hawaye da ajiyar zuciya, ki share ki ci gaba da hidimarki.

Su wa suka fi nema, maza ko mata?

Mata sun fi faɗa a fili. Maza sun fi nema a ɓoye. Saurayi zai zo ya lissafa waƙoƙin gambara da na siyasa da babbar murya, sai abokansa sun matsa ya sunkuyo ya ce, "Malam, ka haɗa mini da wancan ɗin ma." Ba ya ko ambatar suna. Mace tana da ƙawa da 'yar'uwa da za ta yi wa kuka. Namiji a majalisa dariya za a yi masa.

Ina matsayin addini?

Hukuncin kiɗa magana ce da malamai suka yi saɓani a kanta tun da can, kuma kowa ya san malamin da yake bi. Can ya kamata a kai wannan tambaya. Abin da zan iya cewa ya shafi baitocin ne. Ɗaliban zaure a Katsina da suka yi nisa a lugga suna karanta waƙoƙin Larabawan jahiliyya, kuma shahararriyar ƙasidar Imru'ul Ƙaisi da tsayawa a kufan masoyiya ana kuka ta fara. Ƙasidar da Ka'abu bin Zuhairu ya rera a gaban Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, a Madina, da ambaton tafiyar masoyiyarsa Su'adu da halin da zuciyarsa ta shiga ya buɗe ta, kafin ya shiga neman afuwa da yabo. Ke nan faɗin zafin rabuwa a cikin waƙa ba sabon abu ba ne a wurin Musulmi.

Abin da kowa ya yarda ba shi da kyau a bayyane yake: batsa, siffanta jikin mace, zagin ƙaddara, ko waƙar da ke sa a bar salla ta wuce. Kundin kirki na rabuwa ba ya buƙatar ko ɗaya daga cikinsu.

Ƙanina ya kulle kansa a ɗaki tun da aka aurar da yarinyar, ba ya cire abin saurare daga kunne. Mu ƙwace wayar?

Kada ku fara da ƙwace waya. Ba waƙar ce ta jefa shi cikin halin ba, ita ce ma abokiyar hirar da ta rage masa. In kun raba shi da ita ba ku ba shi madadi ba, kun ƙara masa kaɗaici.

Ku duba wasu alamu. Yana cin abinci? Yana barci? Yana fita masallaci da wurin sana'a ko makaranta? Idan yana yin waɗannan, ko da fuska a murtuke, ku ba shi lokaci. A samu mutum ɗaya da yake jin nauyinsa amma ba ya tsoronsa, kawu ko babban aboki, ya zauna da shi ya saurara ba tare da wa'azi ba a zaman farko. Kalma ɗaya kamar "na san ka so ta, kuma na san da ciwo" tana yin aikin da "mata sun ƙare ne" ba za ta taɓa yi ba.

Amma idan mako biyu ko fiye sun wuce ba ci ba barci, ya rame, ya daina wanka, ya fara shan maganin tari ko ƙwayoyi don ya manta, wannan ya wuce maganar waƙa. Idan kuwa ya fara cewa gara ya mutu, ko yana rabar da kayansa, ko yana neman gafarar mutane ba dalili, kada a bar shi shi kaɗai ko na dare ɗaya, a kawar da fiya-fiya da maganin ɓera da duk wani abu mai haɗari daga inda zai kai hannu, a kai shi asibiti a ranar. Ciwon damuwa cuta ce da likitoci ke magani, kuma addu'a da zuwa asibiti ba sa karo da juna.

Ni matashi ne a Daura, ina rubuta waƙa, kuma abin ya faru da ni. Ina so in yi irin wannan kundi. Ta ina zan fara?

Rubuta yanzu, amma kada ka shiga situdiyo yanzu. Abin da ka rubuta a makon farko gaskiya ne, sai dai rabin gaskiya ne. Bari wata shida su wuce ka sake karantawa, za ka ga baitocin da fushi ya rubuta da waɗanda kai ka rubuta. Ka riƙe kaɗan daga na fushin, domin shi ma yana cikin labarin, amma kada ya zama shi ne kundin.

Ka gwada kowace waƙa da baki kawai, ba kiɗa, a gaban mutum biyu da ba sa jin kunyar faɗa maka gaskiya. Wadda ta tsaya da ƙafarta a haka ita za ka kai situdiyo. Idan ka je, ka roƙi mai haɗa kiɗa ya rage kaya, ya bar muryarka a gaba, kuma kada ya goge ta da na'ura har ta daina kama da taka. Ka yi Hausar da kake yi a gida. Daurancinka ba aibi ba ne, shi zai bambanta ka da ɗaruruwan da ke kwaikwayon bakin Kano. Ka buɗe shafinka na YouTube da Audiomack da sunanka tun kafin waƙa ta fita, domin da zarar ta shiga memori da Xender ta bar hannunka, kuma ta waɗancan shafuka ne ake iya gane mai ita a neme shi.

Abu na ƙarshe ya fi duka nauyi. Kada ka ambaci sunanta, ko unguwarsu, ko sana'ar mahaifinta, ko wata alama da za a gane ta da ita. Daura ba ta da girman da za a ɓoye irin wannan. Kafin la'asar labari ya zaga daga Kusugu zuwa tasha. Ita tana gidan mijinta, tana da surukai da dangin miji, nan gaba 'ya'yanta za su girma su ji waƙar a wayar abokansu. Ka canza sunan, ka canza unguwar, in ta kama ka mayar da labarin wani gari daban.